Golf GTI ta kai shekara 50: motar iyali ce ko motar tsere?

Motar da za ta kwashi maigida da uwargida da yara uku zuwa gidan suna, a jefa buhun shinkafa a but, sannan idan ta samu titi mai kyau ta yi gudun kilomita 250 a awa guda, a wane aji za a ajiye ta? Wannan tambaya ta sake tasowa saboda a 2026 ne Golf GTI ta kamfanin Volkswagen take cika shekara 50 da shiga kasuwa, kuma bikin ya zo daidai lokacin da labarai biyu suka tayar da hankalin masoyanta: an daina yin ta da giyar hannu, kuma kamfanin ya amince zai kwashe aikin ƙera Golf daga garin Wolfsburg na Jamus zuwa Meziko.

A wajenmu kuma akwai wani ruɗanin na daban. Golf ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa shiga tasha a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya ga Golf 3 an danne mata baya da kaya har tana neman shafar ƙasa. Saboda ta yi suna wajen gudu, wasu sun ɗauka kowace Golf GTI ce, wasu kuma sun ɗauka GTI wata motar 'yan tsere ce da ba ta da alaƙa da ta tasha sai suna. Duka biyun kuskure ne, kuma tarihin yadda aka ƙera motar shi ne yake warware shi.

Me haruffan uku suke nufi?

G da T daga harshen Italiya suke, Gran Turismo, wato motar doguwar tafiya da ake yi cikin sauri ba tare da gajiya ba. I kuma injekta ce. A shekarun 1970 kusan duk ƙananan motoci da kafireta suke aiki, injekta sai motocin attajirai. Ko sunan ma ba Volkswagen ne ya fara amfani da shi ba, Maserati ya riga shi da wata mota mai suna 3500 GTi tun farkon shekarun 1960. Sabon abin shi ne ɗaukar waɗannan haruffa na manya a liƙa su a bayan motar ma'aikacin gwamnati.

Kamfanin da ya kusa durƙushewa

Sai an san halin da Volkswagen yake ciki kafin a gane me ya sa aka yi aikin a ɓoye. Shekaru da dama kamfanin ya dogara da mota ɗaya, Bitil, mai siffar kunkuru, mai inji a baya wanda iska ke sanyaya shi. Dattawanmu sun san ta, domin an haɗa ta a Legas daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ake haɗa Fijo a Kaduna. Amma a Turai da Amurka zamaninta ya riga ya wuce, ciniki yana ta ja da baya. Ana cikin haka rikicin man fetur na 1973 ya faɗo, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnatin Jamus ta Yamma ta hana tuƙi a wasu ranakun Lahadi. A 1974 kamfanin ya tafka asarar sama da mak miliyan 800, mak kuwa shi ne kuɗin Jamus na lokacin.

Golf ce aka yi domin ceto. Giorgetto Giugiaro, ɗan Italiya, shi ya zana ta, kuma ta farko ta fito daga masana'antar Wolfsburg a ƙarshen Maris na 1974. Komai nata kishiyar Bitil ne: inji a gaba, a kwance a gicciye, ruwa ke sanyaya shi, tayoyin gaba ke ja, ga ƙofa a baya da ake ɗagawa a zuba kaya. Mafi ƙarancinta ƙarfin doki 50 gare ta. Mota ce ta tsimi, kuma abin da shugabanni suke so duniya ta gani ke nan. A irin wannan yanayi, duk wanda ya shiga ofishin manya da maganar motar gudu ya san amsar da zai samu. Ga kuma ɗan tabon da bai warke ba: a 1973 kamfanin ya fitar da wata Bitil mai launin rawaya da baƙi da siffar 'yan tsere, aka yi ta sukarsa cewa yana zuga matasa su yi ganganci a titi.

Aikin bayan an tashi daga ofis

Mutum biyu ne suka kunna wutar: Anton Konrad, shugaban sashen hulɗa da 'yan jarida, da wani injiniya mai suna Alfons Löwenberg. Sannu a hankali suka jawo wasu ƙalilan da suka yarda da su, irin su Hermann Hablitzel da ke kula da aikin Golf, da Herbert Schuster gwanin ƙafafun mota, da Horst-Dieter Schwittlinsky daga sashen talla. Suna haɗuwa a wajen lokacin aiki, har a gidan Konrad, suna kiran abin nasu Sport Golf.

Gwajinsu na farko bai yi kyau ba, kuma a ganina nan ne darasin motar gaba ɗaya yake. Sun ɗauki gangar Scirocco, wata motar Volkswagen 'yar uwar Golf, suka sa mata kafireta mai shan mai, da salansa mai ƙara, suka ƙanƙame ƙafafunta har ta zama kamar katako. Tana gudu kam, amma babu magidancin da zai yarda ya sa iyalinsa a ciki. Ernst Fiala, shugaban sashen bincike, ya gwada ta bai gamsu ba. Sai suka koma suka sassauta. Suka fahimci cewa yin motar da ta fi kowa gudu ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce yin motar da za ta yi gudu yau, gobe kuma ta kai yara makaranta ba tare da kowa ya yi ƙorafin ciwon baya ba.

Injin da ya warware matsalar daga Audi ya zo, kamfanin da a lokacin ya riga ya zama mallakar Volkswagen. Shi ne na Audi 80 GTE, mai lita 1.6 da injektar Bosch da ake kira K-Jetronic. A watan Mayu na 1975 hukumar kamfanin, ƙarƙashin sabon shugaba Toni Schmücker, ta sa hannu. A Satumba aka nuna motar a baje kolin Frankfurt, a Yunin 1976 aka fara sayarwa a kan mak 13,850.

Abin da aka taɓa a jikinta

Bakanike zai ji daɗin wannan ɓangaren, domin babu wani sihiri a ciki. K-Jetronic ba ta da kwamfuta. Akwai wani faifan ƙarfe a bakin hanyar iska. Idan direba ya taka totur, iskar da injin ke zuƙa sai ta ɗaga faifan, shi kuma ya tura wani ɗan sanda a cikin akwatin rabon mai, ya buɗe wa fetur hanya zuwa injekta huɗu gwargwadon yawan iskar. Iska da yawa, mai da yawa, kuma kowace silinda tana samun rabonta daidai, abin da kafireta ɗaya ba ta iya yi da kyau. Da wannan injin ya ba da ƙarfin doki 110.

Doki 110 ba abin a zo a gani ba ne a yau. Amma motar kilo 810 kacal gare ta. Rashin nauyin shi ne asirin. Cikin daƙiƙa 9 take kai kilomita 100 a awa daga tsaye, ƙarshen gudunta 182, a zamanin da motoci masu ninkin kuɗinta ba sa wuce haka. An rage mata tsayi kaɗan, an sa mata shokozoba masu tauri, da sandunan da ke hana mota kishingiɗa a kwana, gaba da baya. An faɗaɗa tayoyi, an sa faifan burkin gaba mai ramukan shan iska, an ƙara na'urar sanyaya baƙin mai. Sauran kuwa, ƙofofi, gilasai, but, kujerar baya, duk na Golf ɗin kowa ne, a kan layi ɗaya ake haɗa su. Shi ya sa kuɗinta bai fi ƙarfin mai albashi ba.

Kwalliyar da ta zama tambarinta har yau wata mata ce ta yi mafi yawanta, Gunhild Liljequist, wadda asalin sana'arta zanen tangaran ce. Ita ta zaɓi yadin kujeru mai gida-gida irin na mutanen Sukotland, ita ta kawo shawarar a yi kan sandar giya kamar ƙwallon golf mai ƙananan ramuka. Sai kuma jan layin da ya kewaye hancin motar. Abubuwa ne masu arha, amma su suka sa ake gane ta daga nesa.

An yi lissafin 5,000

Masu talla sun yi hasashen guda 5,000 za a iya sayarwa, adadin da dokar gasar tsere ta lokacin take buƙata kafin a karɓi mota a matsayin ta kasuwa. Kafin a rufe babin ƙarni na farko, wato Golf 1, a 1983, an ƙera 461,690. A tsakani an ƙara mata giya ta biyar a 1979, an kuma ɗaga injin zuwa lita 1.8 a 1982. A Amurka, inda ake kiran Golf da suna Rabbit, an haɗa tasu a masana'antar Westmoreland ta jihar Pennsylvania, da ƙarfin da bai kai na Turai ba.

Gaskiya ita ce ba Golf ce ta fara wannan tunani ba. Simca 1100 TI ta Faransa ta riga ta, Renault 5 Alpine kuma tare suka fito. Amma ita ce ta nuna akwai kuɗi a harkar, nan da nan kowa ya shigo: Ford da Escort XR3, Opel da Kadett GSi, Fijo da 205 GTI a 1984, wadda har yau akwai masu rantsuwa ta fi Golf daɗin tuƙi. Motocin ƙofa biyu marasa rufi da matasan Ingila suke saya a da, kasuwarsu ta mutu murus, domin ga mota ɗaya da ke aikin biyu.

Ƙarni na biyu, daga 1984, ya bi sawun na farko lafiya. A 1986 aka kawo inji mai bawul 16 da doki 139, a 1990 kuma G60 mai doki 160. A Afirka ta Kudu ma labarin ya ɗauki wata hanya: masana'antar Uitenhage ta ci gaba da ƙera gangar Golf ta farko da sunan Citi Golf tun daga 1984 har 2009, har da mai zafi da suka kira CTi.

Shekarun ƙiba, da Golf ɗin tasharmu

Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Golf 3 ta fito a 1991, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1992, kuma an yi ta da niyyar kare rai: ganga mai ƙarfi, jakar iska, ƙarafan kariya a ƙofofi. Duk alheri ne, amma nauyi ne. GTI ɗinta ta haura tan ɗaya da nisa, alhali injin mai lita 2.0 doki 115 kawai yake bayarwa. Wato bayan shekara 15 an ƙara doki biyar, an ƙara nauyin fasinjoji uku ko huɗu. Ba ta fi kakarta saurin tashi ba. Mai bawul 16 da doki 150 ta zo a 1993 ta ɗan share hawaye, amma a lokacin hankalin kamfanin ya koma kan VR6 mai silinda shida da doki 174. A Ingila kuma satar irin waɗannan motoci ta yi yawa a farkon shekarun 1990, kuɗin inshora ya hau sama, matasa suka kasa saya.

Golf 4 ta ƙara dagula lamarin. Mota ce mai kyawun ciki, amma haruffan nan uku sun zama kamar sunan aji kawai. A Ingila har wadda take da doki 115 an liƙa mata GTI, jan layi ya ɓace, yadin gida-gida ya ɓace. An riƙe ɓangaren iyali, an saki ɓangaren da ya sa aka ƙirƙiro ta.

To, ita Golf 3 da ke jigila tsakanin garuruwanmu, wadda ta shigo mana ta Kwatano bayan ta gama rayuwarta ta farko a Turai, yawancinta mai lita 1.6 ce ko 1.8, doki 75 zuwa 90. Doguwar nan da direbobi suka fi so, wadda aka fara yi a 1993, kamfanin bai taɓa fitar da ita da sunan GTI ba. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana duba wata doguwa, ga GTI ja wur a ƙofar but, mai ita yana ta yabon gudunta. Bakaniken bai ce masa komai ba, ya durƙusa ya ƙirga notin taya da yatsa, huɗu, ya leƙa ta bayan wil ya ga burkin baya na ganga ne, ya miƙe ya ce, "Alhaji, a Ƙofar Ruwa aka sayo sunan nan." GTI ta Turai ta wannan ƙarni noti biyar gare ta, kuma faifai ne a burkinta gaba da baya.

Wannan bambanci ba na alfahari ba ne, na rai ne. Waɗancan injiniyoyi ba su ƙara wa motar gudu ba sai da suka ƙara mata burki da tayoyi da ƙafafu. Motar tasha da ta kwashi mutum bakwai ko takwas da buhuna, da shokozoba da suka mutu tun tuni, da tayoyin da suka sha rana, za ta iya kai 150 a gangara, amma ba ta da abin da zai tsayar da ita idan saniya ta fito. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana yabon direba da cewa Golf ɗinsa ba ta da na biyu a hanya, domin na san waɗanda suke zaune a bayansa ba su zaɓi wannan gudun ba.

Dawowar 2004

Golf 5 ce ta dawo da martabar. Injin lita 2.0 mai turbo, mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, doki 200. Ƙafafun baya masu zaman kansu, kowace taya da nata motsi. Jan layi da yadin gida-gida suka dawo. Sai giyar DSG, mai kuloci biyu, ɗaya yana riƙe da giyar da ake ciki, ɗayan ya riga ya kama ta gaba, shi ya sa canjin yake faruwa kamar ƙiftawar ido. Daga nan lissafin ya riƙa hawa: 210 a 2009, 220 a 2013, 245 a 2020, 265 a 2024.

A 2016 aka yi wata mai suna Clubsport S, doki 310, guda 400 kacal, ta kafa tarihin motoci masu jan gaba a filin tsere na Nürburgring a Jamus da minti 7 da daƙiƙa 49. Amma sai da aka cire mata kujerar baya. Ni dai ban ɗauke ta GTI ta gaskiya ba, domin motar da ba za ta ɗauki yara ba ta bar gidan da ta fito. Wadda aka yi domin bikin shekara 50, mai doki 325, ta fi ta gudu a filin, kuma da kujerunta biyar.

Abin da ake jayayya a kai yanzu

Maganar giyar hannu ita ta fi zafi. Daga gyaran fuskar 2024, GTI sai da DSG. Masu goyon baya suna cewa ta fi sauri, ta fi sauƙi a cunkoso, kuma yawancin masu saye a Turai ita suke zaɓa dama, ga dokokin hayaƙi da suke sa kowane nau'in giya ya ci kuɗin gwaji na kansa. Masu adawa, musamman a Amurka inda masu sayen giyar hannu suke da yawa, suna cewa motar da aka san ta da kan sandar giya ta rasa abin da ke haɗa direba da inji. Ina tare da su a zuciya, ko da yake na san lissafin kamfani ba da zuciya ake yin sa ba. Abin da ya nuna ƙorafi yana tasiri shi ne maɓallan shafawa da aka sa a sitiyarin Golf 8, waɗanda mutane suka tsana, aka dawo da na dannawa a 2024.

Na biyu shi ne inda za a ƙera ta. A Disambar 2024, bayan yajin aikin gargaɗi, kamfanin da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall suka cimma yarjejeniya: za a rage guraben aiki sama da 35,000 a Jamus zuwa 2030, kuma daga 2027 Golf mai inji za ta koma Puebla ta Meziko, Wolfsburg ta shirya wa motocin lantarki. Dalilan su ne tsadar albashi da makamashi a Jamus, da raguwar ciniki a Sin. Masu fargabar inganci zai faɗi su sani cewa Puebla ba sabuwa ba ce, ita ta ƙera GTI ta ƙarni na bakwai da aka sayar a Amurka. Zafin na ma'aikatan Wolfsburg ne, garin da aka gina domin masana'antar.

Na uku, lantarki. A 2023 kamfanin ya nuna samfurin ID. GTI a Munich, ya ce haruffan za su ci gaba ko babu injekta. Matsalar ita ce batir nauyi gare shi, GTI kuwa da rashin nauyi ta fara. Ta yau ma da take shan fetur ta kusa kilo 1,450.

Ga mai niyyar saye a nan

Wadda za ta iso hannun yawancinmu tsohuwa ce, ƙarni na biyar zuwa na bakwai, kuma ba ta jure abin da Golf 3 take jurewa. Injinta yana son fetur mai daraja 95 ko sama a ma'aunin ingancin fetur da ake kira octane, ma'aunin da aka gindaya a Najeriya kuwa bai kai haka ba. Kwamfutar motar za ta rage ƙarfi ta kare injin, amma a zafin Afrilu da doguwar tafiya abin yana taruwa. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma, kowace takawar totur ana jin ta a aljihu.

DSG mai kuloci cikin mai tana buƙatar canjin manta na musamman duk kilomita 60,000, kuma ba man giyar da aka saba zubawa a kowace mota ba ne. Injinan farko na ƙarni na shida sun yi ƙaurin suna da lalacewar abin da ke ɗaure sarƙar taimin, famfon ruwa kuma yana yawan yoyo. Fesa mai kai tsaye yana barin baƙin gawayi ya taru a bawul ɗin shigar iska, sai an buɗe an kankare. Duk waɗannan suna son bakanike mai na'urar karanta kwamfuta, ba mai saurare da kunne kaɗai ba. Ga ta gajera, ga tayoyi marasa kauri a kan manyan wil, ramin da Golf ɗin tasha za ta faɗa ta wuce zai iya lanƙwasa mata ƙafa.

Idan dillali ya nuna maka tambari, ka ce ya ɗaga shimfiɗar but. Kusa da mazaunin safaya taya akwai farar takardar da kamfani ya manna, ɗauke da lambar ganga da haruffan inji. A Golf 3, 2E ko ADY ko AGG su ne lita 2.0 mai doki 115, ABF ita ce mai bawul 16. Idan ka ga AAM ko ABS ko ADZ, lita 1.8 ce ta kowa da kowa, mota mai amana wadda safayarta ta cika Panteka da Ƙofar Ruwa, kuma kuɗinta ya kamata ka biya, ba na GTI ba.